Ɗibar Samfur ko Bin Haɗari: Wanne Ke Tsare Tukunyar Agege?

Tirelar wake da ta taso daga kasuwar Dawanau a Kano takan ɗauko kamar tan 30. Idan ta iso Legas, a Mile 12 ko Iddo ko Agege ake sauke yawancin kayan, daga nan su watsu zuwa hannun masu awo, masu ƙosai, masu alala da masu garau-garau. Abin da za a ƙulle a leda da lambar rajista, ko wanda zai ƙetare teku, shi ne ake ɗibar wa samfur a kai babban ɗakin gwajin abinci na hukumar NAFDAC da ke Oshodi, a gefen titin da ya nufi Apapa. A layin jirgin ƙasan da aka buɗe a 2024, tasha ɗaya ce tsakanin Agege da Oshodi, wato Ikeja. Duk da wannan kusanci, waken da ake ci a Agege da wanda ake aunawa a Oshodi ba su cika haɗuwa ba.

Masu aikin tsare lafiyar abinci suna da hanyoyi biyu da suke yawan jayayya a kansu. Ta farko ta ce a daidaita yadda ake ɗibar samfur, ta yadda jami'in da ke Kano da na Oshodi da na tashar jiragen ruwan Rotterdam duk za su soki buhuna iri ɗaya, su ɗebi nauyi ɗaya, su niƙa iri ɗaya, sakamakonsu ya zama magana ɗaya. Ta biyu ta ce a fara tambayar ina haɗarin yake, wane abinci ne, a wane mataki, wa yake ci, sannan a kai ƙarfi da kuɗi can, a saita ma'auni gwargwadon cutar da ake tsoro. A takarda ba su saɓa wa juna ba. A ƙasar da ma'aikata da na'urori da kuɗin mai ba su wadata ba, dole wata ta riga wata, kuma wadda aka gabatar ita ke nuna cikin wa ake tsarewa.

Ɗibar samfur ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan wake ya ga yadda ake yi. Dillali zai zaro ɗan ƙarfen nan mai rami da tsini ya soka a cikin buhu, wake ya gangaro tafin hannun mai saye. Mai saye ya hura, ya duba ko akwai huda, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza don ya ji bushewa, wani ma har ya shinshina. Gogagge ba ya yarda da suka ɗaya. "Alhaji, a soko mini na ƙasan nan," zai ce, domin ya san ana yi wa buhu fuska, mai kyau a baki, na banza a gindi. Ilimi ne na gaske, kuma dokokin da masana suka rubuta a kan ɗibar samfur daga irin wannan tunani suka taso. Sai dai ido da haƙori ƙwaro da danshi da tsakuwa kaɗai suke kamawa. Waken da ya kai damina a ajiye ba huda ko ɗaya, sau da yawa shi ne ya fi shan magani. Bayan wani hoton bidiyo da ya yaɗu a ƙarshen 2018, wanda ya nuna ana zuba wa wake maganin ƙwari na Sniper, har ta kai wasu matan Legas sun fi sakin jiki da waken da suka ga ƙwaro na yawo a cikinsa.

A gyaɗa ne ake ganin wahalar aikin sosai. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Tana jawo kansar hanta, dahuwa da suya ba sa kashe ta, kuma idan ta yi yawa takan kashe nan take, kamar yadda aka gani a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu daga cin gurɓatacciyar masara. Abin da ya sa kama ta ke da wuya shi ne ba ta bazuwa cikin buhu bai ɗaya. Tana maƙalewa ne a 'yan ƙwayoyi ƙalilan, sauran kuma lafiyarsu ƙalau. Hukumar Codex, wadda FAO da WHO suka kafa a 1963 don tsara ma'aunan abinci na duniya, ta sa iyaka a kashi 15 cikin biliyan ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, ta kuma ce samfurin da za a gwada ya kai kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa. Ƙwayar gyaɗa kamar rabin giram ce, ke nan kilo 20 ƙwayoyi ne wajen 40,000. Masu bincike a Amurka sun auna ƙwaya guda da gubarta ta kai kashi miliyan 1 cikin biliyan. Idan irin wannan ƙwaya ɗaya tak ta faɗo cikin samfurin, lissafi zai ba da kashi 25, an wuce iyaka, an ƙi kayan. Idan ta kuɓuce wa ƙarfen suka, sakamako zai fito fes. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa, to a gyaɗa haka abin yake har a kan sikeli.

Saboda haka ne masana irin su Thomas Whitaker na ma'aikatar gona ta Amurka, wanda ya shafe shekaru yana wannan lissafi, suka nuna cewa kaso mafi girma na kuskuren gwajin afulatoksin daga ɗibar samfur yake zuwa, na'ura ba ta cika yin ƙarya ba. Ɗakin gwajin Oshodi yana da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 a kan irin waɗannan gwaje-gwaje, amma abin da aka kawo masa kawai yake aunawa. Idan mai kaya ne da kansa ya ɗebo kofi biyu daga bakin buhun da ya fi kyau, takardar da za a ba shi gaskiya ce a kan kofi biyun nan, ba ta ce komai a kan kwantenar ba. Kayan su isa Turai, jami'i ya soki wuri 100 kamar yadda dokarsu ta tanada ga kaya masu yawa, ya tara kilo 20, sakamako ya fito daban. Mai kaya ya riga ya biya kuɗin jirgi, yanzu zai biya na ajiya, da na ƙonawa ko dawowa da su, sunan ƙasa kuma ya shiga jerin gargaɗi. Daidaita ɗibar samfur wannan asara yake hanawa, kuma ba ƙaramin amfani ba ne ga masu gyaɗa da riɗi da citta da zoɓo na Kano, Jigawa da Kaduna.

Ko a nan ma, tunanin haɗari ya riga ya shigo ta bayan gida. Don gwajin ragowar maganin ƙwari a wake ko hatsi, kilo 1 Codex ta nema, domin magani ya fi bazuwa cikin kaya. Don afulatoksin a gyaɗa, kilo 20. Halin gubar ne ya yanke girman samfurin.

Labarin wakenmu da Tarayyar Turai ya nuna iyakar abin da samfur zai iya yi. Daga Janairun 2013 zuwa tsakiyar 2015 an fitar da gargaɗi fiye da 50 a kan busasshen wake daga Najeriya, kusan dukkansu saboda sinadarin dikulobos, wanda shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya. Iyakar Turai miligiram 0.01 ce a kowane kilo. An samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato ninki 460. Da farko ƙara yawan gwaji suka yi a tashoshinsu. Da abin ya ƙi sauyawa, a Yunin 2015 suka rufe ƙofa, a 2016 suka tsawaita da shekara 3, a 2019 suka sake tsawaitawa. Abin da suka nema daga Najeriya ya wuce kyakkyawan sakamakon gwaji. Sun nemi a nuna musu tsari: wa ke sa ido a kan sayar da maganin, wa ke horar da masu ajiya, ta yaya za a bi sawun buhu har zuwa sito ko gonar da ya fito. Haka Amurka ta yi a 2018 da ta daina karɓar kifin tarwaɗa daga Najeriya, dalilin da ta bayar shi ne ba a cika mata bayanan da ke nuna tsarin sa idonmu ya yi daidai da nata ba. Manyan masu saye na duniya sun koma tambayar yadda aka sarrafa kaya tun daga tushe.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, waken da Turai ta ƙi, wa ya cinye shi? Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, tana kuma ƙara sayowa daga Nijar, kuma abin da ke fita Turai bai taɓa zama wani abin kirki ba a kan abin da ake ci a gida. Sito ɗaya ne, mai feshi ɗaya ne. An rufe ƙofar Rotterdam, ta Mile 12 kuma a buɗe take. A gyaɗa ma abin ya fi muni. Mai fitar da kaya yana sa a tsince masa, a ware masu kyau su tafi waje. Waɗanda suka yamutse, suka canza launi, suka fashe, ba a zubar da su. Ana sayar da su da rahusa, su koma man gyaɗa na gida, ƙuli-ƙuli, garin yajin tsire, abincin kaji. Binciken masana a jami'o'in ƙasar nan ya sha gano afulatoksin mai yawa a ƙuli-ƙulin da ake sayarwa a kasuwanni. Matar da ke suyar ƙuli-ƙuli ba mugunta ta yi ba, jarinta ne bai kai na tsintacciyar gyaɗa ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wuta ba ta kashe abin. Sakamakon dai shi ne, iya tsananin tsintar da aka yi wa Bature, iya gubar da ta taru a kwanon talaka. Tsarin da ya tsaya a kan samfurin kayan fitarwa kaɗai ba ya ganin wannan, har yana iya ƙara shi.

Hanyar bin haɗari daga wani wuri dabam ta taso. A shekarun 1960, da hukumar NASA ke neman abincin da 'yan sama jannati za su ci ba fargaba, ita da kamfanin Pillsbury suka lura cewa in za a dogara da gwajin ƙarshe, sai an gwada kusan duk abincin kafin a samu tabbaci, ba abin da zai rage na ci. Sai suka juya: a bi aikin tun daga farko, a gano matakan da ɓarna ke shiga, a tsare su. Wannan ne tsarin HACCP da masana'antun abinci ke bi yau. Idan aka ɗora shi a kan wake, matakin a bayyane yake, wato ajiya. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta ƙirƙiro tare da masu bincike na yankinmu, ciki har da na cibiyar INRAN a Maraɗi, leda biyu ce a cikin buhu ɗaya. A ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Tun 2007 ake yaɗa shi, ana kuma ƙera shi a Kano. A gyaɗa da masara, matakan su ne gona da shanya. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba, a watsa kilo 10 a hekta makonni 2 zuwa 3 kafin fure, ta kori mai gubar, kuma gwaje-gwaje sun nuna raguwar kashi 80 cikin 100 ko fiye. Sai shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da hana buhu jingina da danshi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dikulobos a kasuwanni da kantuna. Duk waɗannan suna tsare mai ci a Agege da mai ci a Landan lokaci guda, abin da gwajin tashar jirgi ba ya yi.

Bin haɗari yana kuma tilasta mana kallon abin da ya fi kwantar da mutane. Ƙiyasin WHO na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke rashin lafiya kowace shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu. A Afirka miliyan 91 ne ke kamuwa, 137,000 su rasu, kuma ƙwayoyin cuta masu sa gudawa ne kan gaba, yara ƙanana su ne suka fi shan wahala. Wannan na nufin ruwan da aka dama kunu da shi, hannun mai yanka, teburin mahauta a mayankar Oko-Oba, naman da ya kwana ba sanyi. A ɓarkewar kwalara ta Yunin 2024, jami'an lafiyar jihar Legas sun ce sun bi sawun wasu masu cutar a ƙaramar hukumar Eti-Osa zuwa wani kunun aya marar rajista. Kunun da aka dama da asuba ya ƙare kafin la'asar, ba dokar ɗibar samfur da za ta cim masa. Aikin duba-gari ne, kuma tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni, mayanka, gidajen burodi da wuraren sayar da abinci a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kayan aiki a cikin duk masu hannu a harkar.

Sai dai wannan hanya tana da nata raunin, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Kafin ka ce wannan abinci ya fi wancan haɗari, sai kana da alƙaluma, kuma alƙaluman daga samfur suke fitowa. Idan NAFDAC ta ɗiba ta wata hanya, hukumar ma'aunin ingancin kaya ta SON ta wata, hukumar killace kayan gona ta NAQS ta wata, jami'a kuma ta sayi mudu ɗaya a kasuwa ta gwada, ba a iya haɗa sakamakon wuri ɗaya a ce ga halin da gyaɗar Najeriya ke ciki. Jerin haɗarin da aka gina a kan haka zato ne. Na biyu, duk tsarin da ya bar wa jami'i ya zaɓi shagon da zai shiga da wanda zai wuce, ya buɗe ƙofar son rai, kuma ɗan kasuwar da ke zaune a garin da ba nasu ba, kamar Bahaushen Agege, ya fi kowa sanin yadda hakan ke ƙarewa. Rubutacciyar ƙa'idar ɗiba, wadda mai kaya zai iya tsayawa ya ga an bi ta, a kuma ajiye masa rabin samfurin in yana son ƙalubalantar sakamako, kariya ce gare shi.

Na uku ya fi sarƙaƙiya: haɗarin wa ake aunawa? Ga gyaɗar da za a ci kai tsaye Turai ta sa kashi 4 cikin biliyan, Amurka ta tsaya a 20. Yarjejeniyar ƙungiyar cinikin duniya (WTO) ta 1995 ta yarda ƙasa ta tsaurara fiye da Codex muddin ta kafa hujjar kimiyya. Wani binciken Bankin Duniya na 2001 ya ƙiyasta cewa ma'aunin Turai zai rage wa Afirka cinikin dala miliyan 670 a shekara don ceton rai ƙasa da 2 cikin mutum biliyan 1. Wasu masana daga baya sun ce an zuzuta asarar, amma tambayar ta zauna. Haka iyakar 0.01 ta wake, an sa ta ne don ba a yarda da sinadarin a gonakin Turai ba, don haka aka ajiye ta a mafi ƙanƙantar abin da ake iya ganowa. Wannan na sa wasu 'yan kasuwarmu su ce duk abin kariyar ciniki ce kawai. Ban yarda da su ba. Kwamitin masana na FAO da WHO ya nuna cewa ƙarfin afulatoksin wajen jawo kansa ya ninka kusan sau 30 a jikin mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ciwon da ya yi yawa a ƙasar nan, ga shi kuma mun fi Bature cin gyaɗa da masara nesa ba kusa ba. In da gaske haɗari za a bi, mu ne muka fi buƙatar tsauri. Amma iyakar da ba manomin da zai iya cikawa, ba kuma jami'in da zai iya aunawa, ba ta tsare kowa, sai dai ta mayar da kowa mai laifi. Ma'aunin da ya dace da mu sai mu auna shi da cimarmu da jikinmu, a kuma matsa shi sannu a hankali.

A nawa ganin, daidaita ɗibar samfur ne ya kamata a fara gamawa, don shi ne mai iyaka kuma mai araha. Ƙa'idojin Codex na 2004, waɗanda aka sabunta a 2023, suna nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne hukumomin su amince da takarda ɗaya, a horar da masu ɗiba, a ba su ƙarfen suka da injin niƙa, a hana mai kaya kawo samfurinsa da hannunsa. Cinikin bai ɗaya na Afirka da aka fara a Janairun 2021 ya ƙara matsa wannan buƙata, domin waken Maraɗi da ke shigowa ta Jibiya bai kamata a gwada shi sau uku da hanyoyi uku ba. Amma mafi yawan kuɗi da ma'aikata bin haɗari ya kamata su tafi, kuma haɗarin a sito yake, da mayanka, da bakin rijiya. Shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sha kokawa cewa masu fitar da kaya na kauce wa gwajin hukumarta, kuma gaskiya ne. Ni dai na fi son in ji ana ƙirga buhu nawa na Mile 12 da Agege aka soka a bana, wane wata, kuma me aka samu.

Ana iya yin hakan ba tare da jiran ginin sabon ɗakin gwaji ba. Akwai 'yan tsinkayen gwajin afulatoksin da ke ba da amsa cikin mintoci, kuma kasuwannin nan suna da shugabanni da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i. A riƙa ɗiba bisa ƙa'ida ɗaya a lokutan da haɗari ya fi yawa, wato watannin da wake ya daɗe a ajiye da lokacin da danshi ya kama gyaɗa, abin da ya nuna alama a tura Oshodi a tabbatar. Sai kuma a yanke tun kafin a fara abin da za a yi da buhun da ya faɗi. Gyaɗa mai afulatoksin ana iya kai ta matatar mai ta zamani, domin tacewa na cire gubar daga man, muddin an hana tunkuzarta shiga abinci. Waken da ya sha magani fiye da kima ba shi da irin wannan mafita. Idan aka ce ƙwacewa kawai za a yi, ba wani rangwame ga wanda ya sayo shi a Dawanau bai san abin da aka zuba masa ba, to ranar da masu ɗiba za su zo, buhunan da ake zargi za su kwana a wani sito, washegari a auna su ga masu ƙosai.